Rabon Faifai Tsakanin Mazaɓu Uku

Zaharaddeen Wali maƙaryaci ne, kuma ba ƙaryar jahilci ya yi ba. Da iliminsa ya yi ta, a gaban dattawa, yana murmushi, ya jawo wa mutum goma sha biyu asarar shekara guda cur.

A shekara ta takwas da komawar soja bariki, lokacin da duk mai babbar riga a Wudil ya gano cewa don wakiltar jama'a aka haife shi, wata ƙungiyar ci gaban gari ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu da sabuwar firinta guda. Wani ɗan kasuwa ne ɗan yankin da ke zaune a Legas ya aiko da su. Ƙungiya ta kama shago biyu a bayan tasha, ta fasa bangon tsakani, ta kira wurin cibiya. Tun kafin kayan su iso ta ɗauki Malama Hafsatu ta riƙa koyar da buga rubutu.

Malama Hafsatu ta shekara ashirin tana buga tafireta a ofis kafin ta ajiye aiki, ta kuma je Kano ta koyi kwamfuta da girmanta. Ɗalibanta goma sha biyu ne, maza biyar mata bakwai. Wata bakwai ta yi tana koya musu a kan tafireta huɗu da kwalaye da ta zana wa haruffa da biro. Abin da suke hari ɗaya ne. Sau ɗaya a shekara mai jarrabawa yake zuwa daga Kano, ya ba kowa wasiƙa ya buga a kwamfuta, ya fitar da ita a firinta a gaban idonsa, ya miƙa masa takardar. Wanda ya ci ya samu shaidar da ake neman aikin akawu da ita. Wanda bai miƙa takarda ba ya jira baɗi. Saura mako shida ya zo aka sauke kwamfutocin, kuma da aka kunna su babu komai a cikinsu.

A nan Zaharaddeen ya shigo. Ya yi digiri a kan kwamfuta, wannan ba a musa masa. Ya gaya wa shugaban ƙungiya, Alhaji Isyaku, cewa ba sai an sayi komai ba, akwai manhajar da masu yin ta suka bar cikinta a buɗe, kowa ya ɗauka, ya ƙara ko ya rage, ba mai tambayarsa. Fuskar da mutum ke gani a allo in ya kunna ma ba a ɗinke take zuwa ba, gunduwa-gunduwa ce. Akwai jerin da ake zaɓar aiki, akwai wurin ajiye fayil, akwai abin rubutu, akwai agogo, akwai wanda ke kai aiki ga firinta. Zai je Kano ya sauko da su, ya haɗa a faifai ɗaya, a ɗura wa duka goma sha biyun, tunda cibiya ba ta da intanet. Sai dai faifai yana da iyaka, dole a zaɓa.

Malama Hafsatu ta ji daɗin maganar. Ta yagi takarda ta rubuta abu biyar ta ba shi. A ganinta aikin yini ɗaya ne.

A lokacin Zaharaddeen yana neman kujerar shugaban matasa na jam'iyyarsa, kuma wakilan mazaɓu ne ke zaɓe. Saboda haka ya bayyana wa Alhaji Isyaku cewa yanzu mulkin farar hula ake, bai kamata mutum ɗaya ya zauna a ɗaki ya yanke wa al'umma abin da za ta gani a allo ba. Alhaji ya ce wannan magana ce ta masu hankali. Aka kafa kwamiti. Malam Garba mai sayar da taki ya wakilci Indabo, Haladu ya wakilci Kausani, Bilya ya wakilci Ɗankaza. Cikin ukun babu wanda ya taɓa sa yatsa a kan kwamfuta, wanda hakan ya ba su damar yin hukunci ba tare da son zuciya ba. Malama Hafsatu, da yake ita kaɗai ce za ta yi aiki da kayan, aka ba ta kujera a baya, aka ce in ana bukatarta za a waiwayo.

A zaman farko, bayan an gama gaisuwa an tambayi gona da iyali da gajiyar hanya, Zaharaddeen ya buɗe tasa kwamfutar yana nuna musu gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya. Malam Garba ya ga wani agogo mai hannu, ya ce wannan na Indabo ne. Haladu ya gyara zama ya ce ba ya ƙin Indabo da alheri, amma da wane ido zai koma Kausani a ce an raba agogo ba su samu ba. Aka ba shi agogo mai lamba. Bilya kuwa ya ɗauki hularsa ya sa, ya fara laluben takalmi. Zaharaddeen ya yi maza ya nemo masa wani agogon mai nuna girman wata.

Zama na biyu ya tafi a kan kifi. Akwai wasu kifaye da ke iyo a allo in an bar kwamfuta ba a taɓa ba, Bilya ya ce nasu ne. Malam Garba ya ce kifin ya fi agogonsa girma, aka kawo rula aka auna, aka tarar da gaskiyarsa. Don a daidaita aka ba Indabo hotunan bango arba'in, aka ba Kausani abin sauraren waƙa, duk da babu kwamfutar da ke da lasifika. Haladu ya ce ba komai, a rubuta dai cewa nasu ne.

Malama Hafsatu tana zaune a baya tana lissafin kwanaki. Mako biyu sun tafi, ɗalibanta suna nan suna danna kwali. Ta lura da wani abu kuma. Duk abin da ake rabawa abu ne mai hoto, wanda mutum zai nuna da yatsa ya ce ga namu. A zama na uku, da aka karanta jerin ƙarshe, ta yi gyaran murya.

"Injiniya, na firinta fa? Ban ji an ambace shi ba."

"Yana ciki, Malama," in ji Zaharaddeen. "Shi ba a ganinsa, a ƙarƙashi yake aiki. Ki kwantar da hankalinki."

"To a ɗauko firintar mu gwada."

Aka bi ta da kallo kamar ta zagi wani. Firintar tana gidan Alhaji Isyaku cikin kwalinta, ba a ko ɓare ledar ba. Alhaji ya yi mata bayani a hankali, irin wanda ake yi wa wanda bai san gari ba, cewa sabon kaya ba a buɗe shi sai mai kyautar ya zo ya yanke ƙyalle da hannunsa. Tsofaffin kwamfutoci an riga an more su, ba laifi, amma a buɗe wa bawan Allah sabuwar firinta a bayan idonsa, ai raini ne. Malam Garba ya ƙara da cewa matsalar mata gaggawa. Zaharaddeen ya yi dariya tare da su.

Abin da Malama Hafsatu ba ta sani ba shi ne, kwana biyu kafin wannan zama faifan ya cika. Agogo uku da kifi da hotuna arba'in da abin waƙa sun cinye wurin. Dole a cire wani abu. Zaharaddeen ya duba jerin ya ga kowane abu da ubangidansa mai ƙuri'a, ban da na firinta. Shi ya cire. Ya gaya wa kansa zai koma Kano ya sauko da shi daga baya, sai yawon gaishe-gaishen wakilai ya ɗauke masa hankali. Da ta tambaye shi, ya san babu, ya ce akwai.

Aka ɗura faifan. Kwamfutocin tsofaffi ne, ga lodi ya yi musu yawa, sai mutum ya kunna ya je ya yi alwala ya dawo kafin allo ya gama haɗa kansa. Duk da haka ɗalibai suka yi murna, ita ma ta yi. Mafi ƙwazo a cikinsu Murja ce, matar aure daga Kausani, wadda wani asibiti mai zaman kansa ya yi wa alkawarin aikin akawu in ta kawo shaida kafin ƙarshen wata. Sau uku Malama Hafsatu ta je gidan Alhaji a kan firinta. Sau uku aka ce mai kyauta yana hanya. Ta huɗun ta tare Zaharaddeen a bakin cibiya, ya ce mata haba Malama, shi fa digiri gare shi.

Ana gobe jarrabawa mai kyautar ya bugo waya daga Legas ya ce shi bai ma san ana jiransa ba, su buɗe abinsu. Alhaji ya ce to shi zai wakilce shi da safe. Aka ɗaura ƙyalle a kwalin, aka jera kujeru, aka yi addu'a, Alhaji ya yi jawabi, wakilan mazaɓu uku kowa ya yi nasa don kada a ce an fifita wani. Mai jarrabawar, Malam Abdulbaƙi, wani siririn dattijo marar yawan magana, yana tsaye yana duban agogon hannunsa. Ana yanke ƙyalle aka jona firinta, fitilarta ta kama, aka tafa. Malama Hafsatu ta roƙi minti biyar ta gwada. Malam Abdulbaƙi ya ce an riga an ci masa awa guda, kuma yana da wata cibiyar a Gaya. Ya raba takardu, ya ce a fara.

Murja ce ta fara gamawa. Ta duba aikinta sau biyu, ta danna a fitar. Wani ɗan akwati ya buɗe a allo, wurin da sunan firinta ya kamata ya fito, babu komai. Ta sake dannawa. Ta ɗaga kai ta dubi malamarta. Malama Hafsatu ta ƙarasa wurin ta leƙa allon. Kafin minti goma sauran ma sun gama, duka goma sha biyun akwatin nan ne a gabansu, wayam.

Aka kirawo Zaharaddeen daga waje, inda yake raka wakilai. Ya ce wayar da aka jona firinta da ita ce, aka canza waya. Ya ce wutar janareta ce ba ta da ƙarfi. Ya ce firintocin yanzu duk jabu ne. Malam Abdulbaƙi ya saurare shi har ya gama, sannan ya nemi Murja ta matsa, ya zauna a kujerarta, ya danna nan ya danna can.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Kwamiti ne, ranka ya daɗe," in ji Zaharaddeen.

"To kwamiti bai sa abin da ke magana da firinta ba. Ba lalacewa ya yi ba, ba a sa shi ba ne." Ya ƙara duban allon. "Agogo dai na ga uku. Allah ya amfana."

Malama Hafsatu ta ajiye girmanta ta roƙe shi. Ta ce akwai shagon buga takardu a tsallaken titi, a kwashi aikin a kai can, ya bi su da kansa ya gani. Ya ce ya san ba laifin ɗalibai ba ne, amma aikin da ya fita daga ɗakin jarrabawa ba ya karɓuwa, kuma in ya karya doka saboda ita yau, gobe wani zai nema. Ta ce to a je Kano a sauko da abin. Ya ce kafin a je a dawo shi yana Gaya. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya yi mata sallama da ladabi, ya tafi. Murja ta kashe kwamfutarta yadda aka koya mata, ta gyara mayafi, ta ce, "Malama, sai baɗin ke nan?" Malama Hafsatu ta raka ta har bakin ƙofa.

Bayan la'asar ƙungiya ta zauna. Wannan karon Malama Hafsatu ba ta nemi kujerar baya ba. Ta tsaya a gaban Zaharaddeen ta ce tambaya ɗaya gare ta: ranar da ya ce mata yana ciki, ya san babu ko bai sani ba? Ya fara zancen faifai da iyakarsa. Ta maimaita tambayar. Ya ce a duba matsayinsa, da ya cire kifi Ɗankaza za ta yi fushi, da ya taɓa agogo Indabo ba za ta yafe ba. Ta maimaita a karo na uku.

"Na sani," in ji shi.

Malam Garba da Haladu da Bilya su suka fi kowa ɗaga murya. Bilya ya rantse shi tun farko kifin bai kwanta masa ba. Haladu ya tuna cewa Murja 'yar mazaɓarsa ce, abin da bai taɓa tunawa ba a zama uku. Alhaji Isyaku ya ce shi da an yi masa bayani da kyau da tuni ya fito da firinta. Babu wanda ya ga dalilin hukunta kansa, sai aka haɗu a kan wanda ya yi ƙaryar.

An kori Zaharaddeen daga ƙungiya. An hana shi taka ƙofar cibiya. An kuma sa shi ya bi gidajen ɗaliban goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a zaure ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kwana tara ya ɗauka.