Umma, Hannu!

Tun ranar da Yaya ya zame a banɗaki ya fasa goshi, Umma ta kafa dokar hana shi fita. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, amma tun yana ƙarami ƙwaƙwalwarsa a hankali take ɗaukar abu, ga ƙafafun kuma sun fara yi masa gardama. Ni ƙanwarsa ce, kuma na san halin mutumina: a hankali yake gane abu, amma wajen wayo ba a barin sa a baya.

Ba ɗinkin goshin ne ya ƙona masa rai ba, shagon tela ne. A bakin layinmu shagon yake, kuma Yaya yana da kujerarsa a ƙofa, inda yake tsinke ragowar zare a jikin kaya, ya ninke, ya saka a leda. Duk mai karɓar ɗinki sai ya bi ta hannunsa, shi ya sa 'yan layin suke ce masa Manaja. Ana cikin haka tela ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa, in Manaja ba zai dawo ba zai sa wani a kujerar. Ranar nan Yaya bai ci abinci ba, kuma wannan ba ƙaramin labari ba ne a gidanmu.

A asibiti aka haɗa mu da likitar gashin ƙashi, wata 'yar siririya mai tabarau. Ta ce zaman nan da muke sa shi ne zai ƙarasa kashe ƙafafun. Ta koya masa tashi daga kujera ya koma ya zauna, da tsayawa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, da yadda zai tashi daga ƙasa in ya faɗi. Ta kuma ce a naɗe ƙaramin kafet ɗin da ke ƙofar falo, don irinsa ne yake harɗe ƙafa. Umma ta amsa komai da to, har ta yi alkawari a gabanta cewa in ya yi ƙarfi zai koma shago. Kafet dai yana nan inda yake, wai ƙofar ba ta kyau babu shi.

Motsa jiki kuwa ba mu yi fashi ba, safe da yamma. Da muka koma asibiti, likita ta gwada shi, ta ga ko kaɗan bai ƙaru ba.

"Anya kuna yi?" ta ce.

"Wallahi kullum," in ji Umma. "Har bayana ciwo yake."

Likita ta dubi Umma ta saman tabarau. "Bayanki? To ku yi in gani."

Yaya ya gyara zama, ya buɗe hammata. Ni na kama dama, Umma ta kama hagu, muka ɗaga shi, muka zaunar, muka sake ɗagawa, shi kuwa yana ƙirga mana da ƙarfi. Da aka zo tsayuwar ƙafa ɗaya, Umma ta rungume ƙugunsa, ni na durƙusa na riƙe masa ƙafar a sama. Sai da likita ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta taɓa damtsena ta ce, "Ke kam aikin ya karɓe ki."

Ta juya gare shi. "Manaja, haka na koya maka?"

"A'a."

"To me ya sa ba ka ce su bari ba?"

Ya ɗan yi tunani. "Suna jin daɗi," ya ce.

Daga ranar doka ta sauya: in Yaya yana motsa jiki, Umma ta zauna a kan hannayenta. Shi aka naɗa mai gadi, kuma bai yi wasa da muƙamin ba. Da ya ɗan yi tangaɗi, ta zabura, sai ka ji, "Umma, hannu!" Haka take komawa ta zauna tana cizon leɓe. Na tausaya mata, don tun da ta haife shi hannun nan bai taɓa hutawa ba.

Sannu a hankali ya fara tashi ba dafawa. Likita ta sake gwada shi ta ce ya isa fita. Sai Umma ta fara kame-kame: yau rana ta yi zafi, gobe layin da santsi, jibi a bari dai a gani. Tela ya aiko da saƙon ƙarshe. Yaya ya sa hularsa ya zauna kusa da ƙofa, ya yi kicin-kicin da fuska, bai kula kowa ba.

Umma ta taso daga kicin da sauri don ta lallashe shi, ƙafarta ta shiga ƙarƙashin kafet, sai ga ta zaune daram a ƙasa. Na tambaye ta ko ta ji ciwo, ta ce ba komai sai kunya. Na miƙa hannu zan ɗaga ta.

"Hannu!" Yaya ya daka mini tsawa.

Ya taso ya tsaya a kanta. "Umma, juya gefe. Yauwa. Gwiwa a ƙasa. Rarrafa ki kama kujera. Ƙafa ɗaya gaba. Tashi."

Ta bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya tana haki, har ta miƙe. Ya tafa mata kamar yadda likita take tafa masa. Sannan ya sunkuya, ya naɗe kafet ɗin, ya saƙale a hammata, ya sa takalmi, ya buɗe ƙofa.

Muka tsaya muna kallon bayansa. Da ya isa kwatar da ke tsakiyar layi, ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya ɗaga ƙafa.

"In bi shi?" na ce.

Ya tsallake, na juya na dubi Umma. Hawaye na zuba a kumatunta, amma ba ta share ba, don hannayenta duka biyu suna bayanta, ɗaya ya damƙe ɗaya.

"Ƙyale shi," ta ce. "Ya makara aiki."