Littafin Malam Tasi'u da Baƙi Dubu Ɗari Huɗu

Ranar Asabar da hantsi Zakiyya ta zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda nan ne kaɗai sabis ke kamawa da kyau a ƙauyensu, ta buɗe shafin kamar yadda ta saba kullum. Hoton littafin kakanta bai fito ba. Sai fari fat, da layi uku na Turanci: an dakatar da wannan shafi, saboda baƙi sun yi masa yawa fiye da ƙima, kuma za a share duk abin da ke cikinsa bayan kwana bakwai.

Sau uku ta karanta.

Littafin na Malam Tasi'u ne, mahaifin babanta. Warƙa ɗari biyu da goma sha ɗaya ne da ajami, ya rubuta da hannunsa: waƙoƙin wa'azi, sunayen malaman da ya yi karatu a gabansu, da lissafin taurarin damina wanda har daga Tsanyawa manoma ke zuwa tambaya kafin su yi shuka. Bara gara ta shiga adakar da yake ciki, ta ci gefe-gefensa. Da Zakiyya ta zo hutu daga kwalejin Bici, ta kwashe kwana tara tana ɗaukar hoton kowace warƙa, ta ɗora su a wani shafi da ta buɗe a wajen wani kamfani mai ba da masauki kyauta a intanet. Wayar ta cika, sai ta goge hotunan. Takardun kuwa sun ci gaba da marmashewa, gutsuttsuran ayoyi na zuba a ƙasa inda ake takawa. Babanta Malam Sama'ila ya yi abin da aka saba yi wa takarda mai sunan Allah idan ta gaji: ya naɗe su cikin farin ƙyalle, ya binne a bayan masallaci. Kafin ya tura ƙasa sai da ya tambaye ta har sau uku ko ta tabbata littafin na can a ajiye.

"Baba, intanet fa ba ta da gara," abin da ta ce masa ke nan, har da dariyarta.

An yi damina guda a kan ramin nan, ga ta biyu ta kankama.

Ta same shi a gona yana maimai, gero ya kai masa ƙugu. Ta durƙusa a kan kunya, ta faɗa masa komai. Ya dogara da hauya.

"Baƙi ne suka yi yawa, kika ce?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"To ai ni ne. Jiya bayan Juma'a na shaida wa jama'a cewa littafin Malam na cikin waya, kowa ya duba. Ashe ɗakin nasu ƙarami ne." Ya share gumi da bakin riga. "Ki ba su haƙuri. Zan sa ladan ya yi shela, a riƙa shiga bi da bi. Unguwar gabas Asabar, ta yamma Lahadi."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Mudassir ta kira. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Ɗambatta, kuma shi ne wanda aka sa musu rana bayan kaka. Ko sallamarsa ba ta bari ya gama ba. Bayan azahar sai ga shi a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo, laftof ɗinsa a ƙunshe cikin leda saboda yayyafi. Ya tsuguna a zaure ya gaida Malam Sama'ila, sannan ya saci kallon idanunta da suka kumbura.

"Ranki ya daɗe, wannan kukan duk na littafi ne, ko akwai rabona a ciki?"

"Malam Mudassir, don Allah yau ba ranar wasa ba ce."

"Na tuba. Ba ni lambar sirrin."

Shafin a rufe yake, amma rajistar masu shigowa tana nan. Ya daɗe yana kallon ta, yana ɗan taɓa gemu.

"Baba, mutum nawa masallacin Juma'arku ke ɗauka?"

"In ya cika har waje, ɗari uku."

"Masu babbar waya fa?"

"Ka ce arba'in. Rabinsu ma ba su da data."

"To nan an ƙwanƙwasa wa shafin nan sau dubu ɗari huɗu da goma sha biyu cikin awa ɗaya. Daga ƙasashen da ko sunan Tsanyawa ba su taɓa ji ba."

Malam Sama'ila ya gyara zama. "Dubu ɗari huɗu? Duk karatun Malam suke nema?"

"Ko harafi ɗaya ba su karanta ba, Baba. Ba mutane ba ne, na'urori ne wani ya sako. Kamar a ce wani ya turo taro ƙofar zauren nan, kowa na ta rafka sallama, kana amsawa, ba mai shigowa, ba mai tafiya. Baƙon kirki ya zo, ba hanya. Mai gidan da ya ba ka aron zaure kyauta kuma ya ga maƙwabta na kuka, sai ya garƙame ƙofar, ya huta."

"Wa muka yi wa laifi?"

"Wataƙila ba kowa. Wasu gwaji kawai suke yi, duk ƙofar da suka samu."

"Ashe ba sai ladan ya yi shela ba."

"A bar ladan ya huta, Baba."

Zakiyya ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta, don aƙalla ba Baba ne zai ɗauki laifin ba. Babban dutsen dai yana nan. Mudassir ya ce akwai wurin ɗaukaka ƙara, ya jawo laftof zai rubuta, ta ce a'a, ita ta yi alkawarin, ita za ta roƙa. Ta rubuta da Turancinta na kwaleji, ba ado. Ta ce ba ta neman a buɗe shafin. Ta ce hotunan nan rubutun kakanta ne, takardun suna ƙarƙashin ƙasa, kuma duk duniya ba sauran kwafi sai wanda ke hannunsu. Mudassir ya gyara mata kalma biyu, ya haɗa da hoton rajistar, ta danna.

Amsa ta zo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa: an karɓi saƙonki.

Lahadi shiru. Litinin shiru. Ta zama kamar wadda aka dasa a gindin darbejiya. Mahaifiyarta Inna Asiya ta leƙo ta ce, "Ke in zama ne ke kawo amsa, ai da kin samu goma. Taso ki sa wani abu a cikinki." Ta ci loma biyu ta koma. Abin da ya fi cin ranta shi ne Baba bai ƙara tayar da maganar ba. Ranar Litinin da la'asar dai ta hango shi a bayan masallaci, tsaye a daidai wurin, hannuwa a baya. Ta juya da sauri don kada ya san ta gani.

Talata, tana shanya wanki, wayar ta yi ƙara. Wannan karon mutum ne ya rubuto. Ya ce ba za su mayar da shafin ba, don dokarsu ce duk shafin kyauta da aka kai wa irin wannan hari a rufe shi. Amma ya tattara mata hotunan wuri guda, ga hanyar saukewa, za ta yi aiki awa ashirin da huɗu. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: ya buɗe hoto guda ya gani, bai iya karantawa ba, amma rubutun yana da kyau.

Ta saki zanen da ke hannunta a ƙasa. "Inna! Inna, yana nan! Ba su share ba!"

Sabis ɗin darbejiya ba zai iya jan kaya mai nauyi haka ba, ta gwada ya katse sau biyu. Mudassir ya ce ta zo makarantarsu. Tana neman wanda zai raka ta, sai ga Baba ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, hauya a jingine, maimai bai ƙare ba.

"Ni na binne shi," ya ce. "Ni zan je in tarbo shi."

Bas ta sauke su a Ɗambatta kafin azahar. A ɗakin kwamfutar makaranta su uku suka zuba wa wani ɗan koren layi mai nuna saukar hotunan ido yana rarrafe. Da ya kai tamanin da bakwai cikin ɗari ya tsaya cak. Zakiyya ta damƙe bakin mayafinta. Mudassir ya ce ƙasa-ƙasa, "Numfasa, ranki ya daɗe, in kin suma ni za a tuhuma." Layin ya motsa. Ya cika.

Ta ƙirga da yatsa a kan gilashi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda da lissafin kwamfuta ba. Ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Baba ya matso da kujera, ya sa tabarau. Mudassir ya buɗe masa warƙar farko ya ƙara mata girma. Ga jan wasali, ga inda alƙalamin Malam Tasi'u ya ɗan zubar da tawada, ga cin gara a kusurwa. Ya fara rera baitin farko a hankali, da irin karin da mahaifinsa ke yi, a na biyu ya tsaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Alhamdu lillahi," kawai ya ce.

Zakiyya ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Na ce maka ba ta da gara."

"Tana da irin tata. Tashi. Ni ma da na karanta a gaban Malam na san ba a barin littafi kwafi ɗaya, na manta ne don na ga abin zamani."

Mudassir ya zuba hotunan a filas biyu, 'yan ƙananan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya bar wasu a laftof, ya mayar mata da wasu cikin waya. Baba ya karɓi filas ɗaya, ya jujjuya shi, ya jefa a aljihu ba tare da ya nuna ya yarda da shi ba. Da suka fito bai nufi tasha ba, kasuwa ya shiga, ya sayi farar takarda mai kauri bandir guda da ƙaron haɗa tawada.

A bakin bas ya juyo ya dubi Mudassir.

"Kai, ka iya ajami?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba."

"Kafin kaka za ka iya. Ni zan kwafi ɗari, ita ɗari. Goma sha ɗayan naka ne."

Mudassir ya sosa ƙeya. "In hannuna ya karkace fa?"

"Ka sake. Ai ranar ba gudu take ba, ana iya ɗaga ta."

Zakiyya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ƙasan mayafin ta ga Mudassir ya miƙa hannu biyu ya karɓi nasa rabon takardun, yana ƙirgawa a hankali kada ya rage ko ɗaya.