Haƙarƙari a Tanderu, Cordell a Baranda

—kuma har yanzu tsumman yana hannuna. Tsumman ɗaukar zafi. Ban ajiye shi ba tun da yaron nan ya faɗi maganar. Tanderu a kunne, haƙarƙarin alade a ciki, ni kuma a tsaye tsakiyar kicin kamar wadda aka dasa.

Cleophus, mijina, kana ji na daga inda kake kwance? Ɗanka ya dawo. Cordell ɗinka, wanda ya tafi Filadelfiya aikin gyaran wuta ya bar ni da muryarsa a waya. Ya dawo Memfis yau, da gemu. Gemu fa! Kai da har ka mutu ba ka taɓa barin gashi ya kwana a haɓarka ba. Ya rungume ni a bakin ƙofa, ya ɗaga ni sama har ƙafata ta bar ƙasa, ina dariya ina dukan kafaɗarsa, sauke ni, kai, sauke ni... sai ƙamshin ya fito daga kicin ya tarye shi. Na ga ya haɗiye yawu. Da idona na gani, maƙogwaronsa ya motsa. Sannan ya sauke ni a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Mama, na daina cin alade. Na musulunta."

Haka nan. Cikin sanyin murya, kamar yana gaya mini hadari ya haɗo.

Ka san me na ce masa? Cewa na yi, je ka wanke hannu, an kusa saukewa. Abin da ya fito daga bakina ke nan! Ya ce, Mama, kin ji ni kuwa? Na ce bari in duba nama. Na shigo nan. Shi kuma na ji ƙarar ƙofar baya, ya fita baranda... yana can zaune, ina hango ƙeyarsa ta taga.

Nama. Nama dai. Lokacin kwance shi ya yi, in na bar shi a naɗe zai yi laushi ya wuce misali, ya zama kamar na marasa haƙori. Buɗe tanderu, Earline. Ja da baya, tururi. Kai, zafi...

Ka ga abin da na kwana ina tsoro? Tun da ya ce zai zo ban yi barcin kirki ba, ina tunanin zai sa a baki ya ce, da daɗi, Mama, amma ba kamar na Baba ba. Wannan ne tsorona! Wai za a gane a tanderun kicin na gasa, ba a rabin durom ɗinka na gashi da ke tsakar gida ba. Kai ne ka sa mini wannan tsoron. Earline, naman da bai sha hayaƙi ba ai dafaffe ne, kar ki kira shi gashi a gabana, maƙwabta su ji. Kana faɗa kana nuna ni da cokali mai yatsu, yaron yana maƙale da ƙafarka yana dariya, bakinsa duk yaji. To durom ɗin ya yi tsatsa, gindinsa ya ɓule, bayana kuma ba ya iya tsayuwar wuni a gaban itace. Me zan yi? Sai na tashi jiya na je wurin mahauci, na zaɓi mai tsoka, na dawo na juya shi na zura wuƙa ƙarƙashin tantanin nan na baya, na kama shi da tsumma na ja, ya fita gaba ɗaya bai yage ba — ko kai ba kullum yake yi maka haka ba — na murza masa yajinka, jan sukari, garin tattasai, tafarnuwa, masoro, ya kwana a firji. Yau na naɗe shi na sa wuta ƙasa-ƙasa tun hantsi...

Dubi yadda naman ya ja da baya daga kan ƙashi. Dubi. Ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Yau ne. Yau ɗin nan da—

Na musulunta.

Yaushe? Ban ma tambaya ba. Wane ne ya...? A'a, tsaya. Odessa. Wayyo, ƙanwata Odessa! Ranar Lahadi a bakin coci, da na ce mata haƙarƙari zan yi masa, ba ta kalle ni ba, jakarta take ta tonawa. Yaya, ki yi kaza mana. Kaza? Na ce ke dai ba ki da hankali tun muna yara, yaron da aka yaye da ƙashin haƙarƙari a hannu zan tara da kaza, sai ka ce mara lafiya? Ta ce to, ni dai na faɗa. Ni dai na faɗa! Ashe ta sani. Ƙanwata ta sani, ni uwar da ta haife shi ban sani ba. Ita ya kira ya gaya wa. Anti Odessa mai sauƙin kai, ni kuma mai kuka, mai hawan jini, a lallaɓa ta kar ta faɗi. Wa kuma ya sani? Matan ƙungiyar waƙa ta coci? Suna kallo na ina ta murna, ɗana zai zo, ɗana zai zo...

Shafa masa romo, mayar da shi ciki a buɗe ya ɗan kama wuta. Hannu yana yi, ni ba na nan. Wa zai ci? Ban sani ba. Amma ba a barin nama rabi da rabi.

Har da suna, Cleophus. Ya ce can ana kiransa Lukman. Luk... Luka na sani, yana cikin Littafi Mai Tsarki, wannan kuma Luka ne da aka ƙara masa wutsiya. Ya ce, amma ke, Mama, ki ci gaba da kira na Cordell, ba komai. Ba komai! An ba ni izini. Sunan da na zaɓa ina kwance a asibiti, kai kana cewa a sa masa naka, na ce Cleophus ɗaya ya ishi duniya — yau an yi mini alfarma in riƙa faɗarsa.

Ba wai Musulmi mutanen banza ba ne. Ba haka nake nufi ba. Musulmin nan mai shago a kwanar titinmu, shi ne ya ɗauko mini kaya har gida lokacin da ƙafata ta kumbura, 'ya'yansa mata da ɗankwali, gaisuwa har ƙasa. Kuma yaron... ka ga idonsa kuwa? Fes. Ba ja, ba warin giya. Ka tuna yadda ya bar garin nan? Ni na tuna. Na yi ta roƙo, Ubangiji ka kama mini shi, ka kama mini shi ko ta wace hanya. Ko ta wace hanya na ce? Na faɗi haka? Yesu... ban ce ta wannan ba. Ko na ce?

Ranar da aka yi masa baftisma, farar riga, ruwa har ƙirji, fasto ya danna shi ciki ya ɗago shi yana tari, kai kana baya kana share ido kana cewa zufa ce. To wannan ruwan fa? Ya wanke? In ya mutu ina za shi — wurinka, ko wani wuri dabam da ba a barin mu shiga? Wa zan tambaya? Fasto? In tambayi fasto gari ya ji?

Bar wannan. Bar shi, ba yanzu ba. Yanzu yaron yunwa yake ji, tun asuba yana kan hanya. Kuma ka ji abin da ya ce kafin ya fita baranda? Kar ki wahalar da kanki, Mama, anjima zan fita in sami wani abu a waje.

A waje.

A garin da uwarsa take da rai, da murhu, da hannu biyu. Gobe zai koma. In ya ci a waje yau, zuwa na gaba a masauki zai sauka, ya leƙo ya gaishe ni a tsaye kamar mai kawo wasiƙa, na bayansa kuma waya ce... A'a. Sai ya ci wani abu daga hannuna kafin ya taka titin nan. Ko loma ɗaya. Ai ba haƙarƙari kaɗai na dafa ba, tebur cike yake.

Ganye! Ga tukunyar ganye, ganye ai ganye ne, ba ruwansa da kowa. Buɗe... ga ta nan tana leƙo ni. Kyafaffiyar ƙafar alade, kwance tsakiyar tukunya tun safe. In tsame ta? Ruwanta ya riga ya shiga ko'ina. To wake. Wake da na yanka masa kitse-kitsen cikin alade na soya kafin in zuba. Burodin masara? Da me na shafe kaskon? Da abin da ke cikin gwangwanin nan na gefen murhu, wanda nake tara man da ya tsatso daga suyar naman alade, kamar yadda uwata ta yi, kamar yadda tata uwar ta yi. Kabeji ma na ɗiba na sa masa. Har koren wake.

Cleophus... babu. Ka duba da kanka. Komai na taɓa, yana ciki.

To in soya masa ƙwai. A wane kasko? Baƙin kaskon uwata, da ba a taɓa sa masa sabulu ba tun kafin a haife ni? Ai kitsen ya zama jikinsa. Ni ban san wata hanyar girki ba. Ba wanda ya koya mini wata. Da wannan na raine shi, ƙashinsa da tsokarsa da tsawon nan da ya ɗaga ni sama da shi, duk daga gwangwanin nan suka fito — yanzu shi ne ƙazanta? To ni fa? Hannun nan fa?

Bai ce haka ba. Kar ki yi masa ƙarya, Earline, bai ce ba. Ya ma sumbaci goshinki.

Tsaya... tsaya. Saman firji. Kek ɗin dankali! Na manta da shi sam, tun jiya yake rufe. Dankali, madara, ƙwai, sukari, kirfa. Ba nama, ba ƙashi, ba komai. Na gode, Yesu, na gode. Wanda yake lashe faranti a kansa tun bai kai tsawon tebur ba. Ina wuƙa? Yanka masa babba. Ƙara. Faranti mai kyau, na baƙi, a'a, shi ba baƙo ba ne, nasa na da mai tsaga a baki. Kar ki zubar, kar ki zubar. Ƙofar baya. Tura da kafaɗa.

Ga shi ya juyo. Ya ga farantin. Fuskar nan... ta ɗan yaron ce, Cleophus, gemun bai ɓoye ta ba. Ya miƙe, yana goge hannu a wando.

Ɓawon.

Ɓawon fulawar da ke ƙasa. Da me na murza shi jiya har ya yi wannan garas-garas ɗin? Farin kitsen alade. Cokali bayan cokali.

Ba ya ɗanɗanuwa. Ba ya wari. Ba mai ganewa, ko Odessa ba za ta gane ba. Ni kaɗai na sani, ni da kai, kai kuma ba ka magana. Loma ɗaya kawai nake nema, ya zauna, ya ci, ya ce Mama... Ya riga ya miƙo hannu. Yatsunsa sun taɓa bakin farantin, ni ban saki ba.

"Wannan dai babu komai a ciki, ko, Mama?"

Ko dubawa bai yi ba. Ni yake kallo. Duk abin da na ce, shi ke nan, zai yarda.

Bayana kuma wani ƙauri yana tasowa daga kicin, sukarin ya fara ƙonewa, ya kamata in juya, ya kamata in saki farantin ko in janye shi, ɗaya dai... bakina a buɗe yake, Cleophus. Na buɗe shi. Ban san me zai fito ba.