Gorar Zuma a Zoben Jirgi

Tashar ba wani abin a zo a gani ba ce. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, sai layin dogo da ya taso daga Funtuwa ya miƙe Gusau. Daga kasuwar Yankara da ƙafa ake zuwa. Goggo Safara'u ta tattaka hanyar nan har ta gaji da ita, don ɗanta Mani a kan jirgin kaya yake aiki, gidansa kuwa yana Zariya.

Da can babu wahala. Kan jirgi na gawayi ne, kuma mai gawayi ba ya tafiya sai da ruwa, ruwan ne yake tafasa ya zama tururin da ke tura ƙafafun. Dole ya tsaya ƙarƙashin tankin a ɗura masa. Kafin ya ƙoshi Mani ya diro, baƙi ƙirin da toka, ya durƙusa ya gaishe ta, ya cinye abin da ta kawo a tsaye. Ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta damu ba, tana satar kallonsa.

Sai kuɗin mai suka zo, aka kawo kan jirgi mai shan dizal. Kowa ya yi ta murna, wai ƙasa ta ci gaba. To, shi dizal ba ruwansa da tanki. Aka ƙara wa Mani girma ya zama mataimakin direba, ya samu farar riga, jirginsa kuma ya daina tsayawa. Hutun da yake ta alkawari kullum ɗagawa ake yi, saboda siminti ya yi yawa a hanya, kowa a ƙasar nan gini yake. A daidai lokacin ne yanar ido ta fara rufe wa Goggo gani. Abin da take gani bara, bana sai inuwarsa. Ba ta son komai illa ta kalli fuskar yaron nan sosai kafin idon ya ƙarasa.

Abu ɗaya ya rage da ke haɗa jirgin da tashar. Layin guda ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, don haka ba a barin direba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai da makullin hanya a hannunsa. Wani ɗan ƙarfe ne a jakar fata, guda ɗaya ake fitarwa, wanda ya riƙe shi shi ke da hanya. Ana ɗaure jakar a jikin wani zobe na sandar gora mai faɗin bakin kwando. Malam Gide, mai juya layi a tashar, shi ke tsayawa a bakin dogo ya ɗaga zoben, jirgi ya rage gudu, Mani ya leƙo ya jefar da tsohon, ya zura hannu ya sure sabon.

Goggo ta fara roƙon Malam Gide ya riƙa ɗaura mata ɗan ƙulli a jikin zoben. Ya ce dokar aiki ta hana, ta ce daddawa ce kawai. Shi ma mutum ne da ya gaji da musu, tun da aka rufe tankin rabin hirar tashar ta mutu. Ya ɗaura. Daddawa ta wuce, kuka ta wuce, ƙuliƙuli ma ya wuce lafiya. Amma ita abin da take samu bai fi ƙara da iska da wani fari-fari a taga ba.

Wata rana tana zaune a inuwar tankin ta tambaye shi, in zoben ya kuɓuce fa? Ya ce ai sai jirgi ya tsaya, ko na wane ne, babu direban da zai wuce babu makulli. Ta jinjina kai.

Ranar da jirgin Mani zai sake biyowa ta zo da gorar zuma, cike har wuya, ta ɗaura zanenta na fita unguwa. Malam Gide ya ɗaga gorar ya ji nauyinta, ya dube ta, ta dubi ƙasa. Ya san abin da take nufi sarai, ya kuma san abin da zai iya biyo baya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga yadda take lalubar bango kafin ta zauna. Ya nemo igiya.

Bayan azahar jirgin ya taho da taragun siminti. Mani ya leƙo, ya zura hannu kamar kullum. Nauyin ya fizge masa kafaɗa, zoben ya sulluɓe ya faɗi, gorar ta fashe a kan duwatsun layi. Nan take burki ya ɗau kuka.

Goggo ta miƙe ta gyara mayafi. A zatonta jirgi kamar motar kasuwa ne, a taka burki ya tsaya a gabanka. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, kuma kayan da ke baya turo na gaba suke yi. Tarago ya wuce, wani ya wuce, wani ya bi, tana tsaye tana jira. Kafin jirgin ya tsaya kansa ya kai can wajen gonakin auduga.

Daga can Mani ya taho a guje a kan duwatsu. Ta ji takunsa, ta matsa gaba cike da murna. Ya zo ya sunkuya ya fizgi zoben daga cikin zuma da ƙasa, yana haki, direba kuma yana ta danna masa ƙaho.

"Goggo, mi kika yi haka? Rubuta ni za a yi wajen manya. Don Allah kada ki ƙara."

Ko durƙusawa bai samu ya yi ba. Rana tana bayansa, ta ɗaga ido ta ƙanƙance shi iya ƙoƙarinta, sai ya juya. Jirgin ya ja jiki da ƙyar ya tafi, tashar ta koma shiru.

Malam Gide ya tsaya yana kallon ƙudan zuma da suka fara taruwa. Shi ma ya san tasa takardar tuhumar tana tafe, amma ba shi da ƙarfin yin fushi. Ya ce mata to, ga shi dai Allah ya yi, ta ga ɗanta.

Goggo ta daɗe tana fuskantar inda ƙarar ta ɓace, sannan ta laluba ta zauna.

"Malam, kai da ka gane shi da kyau, hwaɗa mani. Ya yi ƙiba, ko ya rame?"