Tela da Surukinsa a Ramin Ƙarshe

A wasan golf, mai ƙarancin bugu ke yin nasara. To, ga tela, sabon shiga, a ramin ƙarshe, ƙwallo dab da bakin rami. In ta faɗa, ya yi "faa", wato daidai bugun da aka ƙayyade, ya kuma kayar da surukinsa, uban matarsa, gaban abokan tsohon.

Tela ya ɗan karkatar da sanda don ya kuskure.

"Ɗana," in ji surukin ƙasa-ƙasa, "ina kallonka. In ka bar mini da gangan, kada ka ƙara taka gidana."

Tela ya daidaita sanda, ya taɓa. Ƙwallo ta faɗa.

Tsohon ya juya ga abokansa, fuska ba walwala. "Ni na koya masa."

Ƙarya yake yi, wallahi!