Allurar Mai ta Motar Baba

Dogo bakanike ya kwance ƙusa ta ƙarshe, ya zura hannu cikin tankin mai ta ramin da ke ƙasan but ɗin motar, ya zaro wata siririyar waya mai lanƙwasa. A ƙarshenta akwai ƙwallon tagulla, bai fi ƙwan kaza girma ba.

Auta ta matso tana toshe hanci da gefen mayafinta. "Kawu, wai wannan ɗan abin ne ya zubar da mu a titi?"

"Shi ne. Aikinsa yawo a saman mai. In tanki ya cika ya taso, allura ta taso. In mai ya ja baya ya bi shi ƙasa. Naku kuwa ya nutse, ya yi kwanciyarsa."

Makon jiya ne mai ya ƙare musu a hanyar asibitin ido, Baba ya gasu a rana har ya fara ganin jiri. Yayanta ya rantse a waya cewa in allurar ba ta gyaru ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ja motar. Ita kuwa Auta ta san tun da idon Baba ya tafi, babu abin da ke fito da shi daga ɗaki sai ƙarar wannan injin.

"A sayo sabo mana," in ji ta.

Dogo ya yi dariya. "A ina? Masu ƙera irinsa sun riga kakana kwanciya."

Baba na zaune a kan benci, sanda tsakanin gwiwoyinsa. "Miƙo mini shi nan, Dogo."

Ya karɓa, ya shafa shi da babban yatsa, sannan ya kai kunne ya girgiza. Su duka suka ji wani ɗan sauti a ciki, can-can, kamar ruwa a cikin kwakwa.

"Ya sha mai," Baba ya ce.

"Ya sha ya ƙoshi. Saura mu gano ta ina."

Auta ta juya ƙwallon a hasken rana, ta duba ko'ina. Sumul yake, ko tsaga babu. Dogo ya karɓe shi. Ya juye ruwan zafi daga butar shayinsa a wani kwanon roba, can nesa da wuta, ya danna ƙwallon ciki da filaya.

"Ki zuba ido. Zafi zai kumbura iskar da ta rage a ciki, dole ta nemi ƙofa."

Da farko shiru. Sai ga wani kumfa ƙanƙane kamar kan allura ya ɓullo daga gefen ɗinkin tagullar. Wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa, har suka zama zare guda mai walƙiya yana hawa sama.

"Ikon Allah!" Auta ta durƙusa, ta manta da baƙin man da ke ƙasa. "Baba, numfashi yake yi!"

Dogo ya yi wa wurin alama, ya huda shi kaɗan, ya tsiyaye abin da ke ciki a murfin kwalba. Bai cika cokali ba, launinsa ja ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Baba ya ce a kawo masa. Ya shinshina.

"Wannan man sa'anki ne, Auta. Watan da aka haife ki allurar ta fara yin ƙasa-ƙasa. Ina ta cewa zan kai gyara, hidimar jego ta ɗauke mini hankali, daga baya na saba da auna mai da tsinke." Ya sake shinshinawa. "Da shi na kai mahaifiyarki asibiti. Ashe ya rage."

Auta ta karɓi murfin da hannu biyu. Ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta ci gaba da riƙewa.

Aka shanya ƙwallon a kan bulo har ya bushe ƙarau, warin ya fita. Dogo ya ɗiga masa dalma ɗigo ɗaya, ya sake tsoma shi a ruwan zafi. Ko kumfa ɗaya bai fito ba. Ya goge wayoyin, ya mayar da komai mazauninsa, ya ɗauko galan ɗin mai.

"Shiga ki murɗa makulli, kar ki tayar."

Baba ya lalubo ƙofa ya zauna a gefenta. Auta ta ɗora murfin a kan cinyarta, ta murɗa. A baya suna jin mai yana kwarara cikin tanki.

Allurar ta yi rawa. Ta ɗaga daga kan jan layin da Auta ta san ta a kai tun tana leƙen sitiyari a tsaye.

"Ta motsa?"

"Ta motsa, Baba. Tana hawa."

Wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga ba tare da ta kawar da ido daga allurar ba. "Yaya, ka sallami mutanenka. Zan kira ka."

Baba ya miƙa hannu ya dafa gilashin da ke kan allurar da yatsa biyu.

"Dogo!" ya ɗaga murya. "Zuba a hankali, kar ka yi sauri." Ya juyo wajenta. "Yanzu tana ina?"

"Ta kusa rubu'i."

"To, ci gaba da faɗa mini."