Layin da ke Ƙofar Umma

"Tsaya nan, Auta. Har yanzu ina jin shagon a jikinki."

Na tsaya. Ruwa na ɗiga daga gashina zuwa wuyan rigata, don sau biyu na yi wanka da ruwan zafi zalla, ba sabulu, ba mai. A gaban yatsun ƙafata akwai layin baƙin salatif da aka manna daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Umma na zaune a bakin gado, ta toshe hanci da gefen mayafi, idanunta sun yi zuru-zuru. A kan teburin da keken ɗinkinta yake zama a da, kwalaben kafso ne goma sha ɗaya a jere, masu koren murfi.

"Umma, fatata ce kaɗai ban cire ba."

"To je ki cire ta ki dawo," ta ce, ta yi dariya. Dariyar ta koma tari.

Na ajiye mata kwanon dafaffen ganye a kan layin, na tura shi ciki da sandar tsintsiya. Wata biyar ke nan rabon da in taɓa mahaifiyata.

* * *

Matar da ta jawo mana wannan, ni na kawo ta gidanmu, gara in faɗa tun yanzu. Gyaran gashi nake yi, ita kuma tana cikin masu zuwa shagon. Anti Lafiya muke ce mata, saboda ko atishawa ka yi a gabanta sai ta buɗe jakar magungunanta. Ina wanke mata kai na ba ta labarin Umma: ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, farin abu a harshe, ƙishirwa kamar ta shanye randa, ga kasala. Ko kumfar ban gama ɗauraye mata ba ta ɗago.

"Yis ne, ƙanwata! Irin na burodi. Ya yi yawa a hanjinta, yana cin ta daga ciki. Kada ku kai ta asibiti, allurarsu ce ma abincinsa."

Washegari ta zo da farar riga da hotunan hanji a wayarta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Umma, ta kira ta Mama, ta zauna awa biyu tana sauraronta. Gaskiya ba wanda ya taɓa sauraron Umma haka, har ni. Ta ce waɗannan ba magani ba ne, ƙarin abinci ne daga ganyaye, ba sa cutarwa. Ta hana burodi, madara, 'ya'yan itace da duk wani abu mai zaƙi. Sannan ta shinshina hannuna ta girgiza kai.

"Mama, yis ya huda miki hanji, jikinki ba ya ɗaukar kemikal yanzu. Turare, sabulu, fenti, rinin gashi, duk guba ne a gare ki. Wannan 'yar taki kuwa a cikinsu take wuni."

Da hannunta ta manna salatif ɗin. Ni na riƙe mata almakashi.

Kafin ta tafi ta rataya kalanda a bango, daidai bakin ƙofa inda hannuna zai kai. Ta ce idan yis yana mutuwa yakan saki dafi, jiki ya rikice. Duk ranar da Umma ta ji jiri, ko amai, ko ciwon kai, in sa alamar daidai a ranar, don nasara ce. Ranar da ta ji sauƙi kuwa, a ƙara kafso, yis ɗin ne ya ɓuya.

Haka muka koma murna da ciwo. In dawo daga shago in tsaya a layi.

"Umma, ya jiki?"

"Alhamdulillahi, yau sau uku na yi amai."

"Kai, madalla!" Sai in ɗauki jan biro.

Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, na sa alama. Ƙafafunta suka kumbura, na sa alama. Da ta ce tana ganina dishi-dishi, gabana ya faɗi, na kira Anti Lafiya. Ta yi guɗa a waya, ta ce mun kai ga uwar yis ɗin, kada mu karaya a bakin ƙarshe. Na ji kunyar tsorona. Ranar alama biyu na sa.

* * *

Wata rana da yamma na sami Umma a ƙasa tsakanin gado da tebur, bakinta a buɗe, numfashinta na fita da ƙyar. Abin da ba zan yafe wa kaina ba shi ne na tsaya. Daga shago nake, rini a hannuna, sai na tsaya a layin ina kiran sunanta, ina tunanin ko in fara yin wanka. Maƙwabciyarmu ce ta ture ni ta shiga.

A asibiti, likitar ta juye kwalaben a kan teburinta, ta ɗaga ɗaya, ta karanta, ta ajiye.

"Ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Ƙaiƙayin nan da farin harshen, shi yake kawo su. Da digon jini ɗaya za a gane." Ta dube ni. "Ƙodarta ta gaji. Tun yaushe ƙafafun suka kumbura?"

Na san ranar sarai, tana cikin kalanda.

Ɗakin da aka kwantar da ita warin bilic yake yi har yana shiga ido. Mai shara ta wuce da bokitinta, matar gadon kusa ta fesa turare, Umma ko tari ba ta yi ba. A kwana na uku ta farfaɗo, ta lalubo hannuna, ta jawo kaina kan ƙirjinta. Ban yi wanka ba, gashina duk man shago ne. Ta shaƙa, ta ƙara shaƙa.

"Auta," ta ce a hankali, "ashe ƙamshi kike yi."

Kwana biyu bayan nan ta rasu.

* * *

Anti Lafiya ta zo gaisuwa, ta yi kuka sosai, kuma na yarda kukan gaske ne. Ta ce da ma ba a sa mata ruwan asibiti ba, saura kaɗan ta warke. A tsakar gida na ji ta tana tambayar ƙanwar Umma ko takan ji kasala da safe. Na so in yi ihu. Wa zan ce ya riƙe almakashi?

Kalandar na nan a bango, ja ya cika ta, duk rubutuna. Salatif ɗin na ɓare shi tun ranar da muka dawo, sai dai ya bar sawunsa a siminti, na goge da sabulu ya ƙi fita. Na mayar da keken ɗinki kan teburinsa, na buɗe tagogi. Ba kowa a ɗakin, ba mai hana ni shiga. Amma kullum na dawo daga shago da rini a hannu, ƙafata tana kaiwa wurin sai ta tsaya da kanta, ina jira a ce in shigo.